Ziyarar Shugabanni: Me Take Kawo wa Mutumin Bakin Iyaka?

Tambaya: Ni manomin albasa ne a ƙasar Alela, ina kuma kai ta kasuwannin Najeriya. Tun ina yaro nake jin rediyo na cewa shugaban Nijar ya tafi Najeriya, ko na Najeriya ya sauka Yamai, domin ƙarfafa dangantaka. A yi fareti, a ci liyafa, kowa ya koma gida. Amma mu nan, ran da aka ga dama sai a garƙame iyakar Ƙonni, kayanmu su ruɓe cikin mota. Shin irin wannan ziyara tana da amfani ga talaka, ko ɓarnar kuɗin ƙasa ce kawai? Daga wani mai karatu a Alela.

Amsa: Allah ya sa albarka a noma. Tambayarka ta wanda abin ya ci ne, don haka ba zan ba ka amsa irin ta sanarwar gwamnati ba. Ziyara tana da amfani. Sai dai ba kowace ba, kuma amfanin ba a ranar fareti ake ganinsa ba.

Ran da ka ji jirgin shugaba ya sauka, yawancin aikin an riga an gama shi. Makonni, wani lokaci watanni kafin nan, jakadun ƙasashen biyu sun yi ta kai da komo. Ma'aikatan duwan, na tsaro, na wutar lantarki da na kasuwanci sun zauna sun tsara takardu, ministocin harkokin waje sun duba. Kamar ɗaurin aure ne: iyaye da wakilai sun gama magana tuntuni, an yanke sadaki, ranar taro shaida kawai ake yi a gaban jama'a. Abin da ya gagari na ƙasa, shi ake ajiye wa shugabannin biyu su kashe a ganawar da suke yi su kaɗai bayan an rufe ƙofa. Wannan ganawa ita ce zuciyar tafiyar, domin akwai maganar da jakada ba ya da ikon cewa "na yarda" a kanta, sai mai ƙasa da bakinsa.

Ziyarar ma iri-iri ce. Akwai babba, wadda ake harba bindiga sau 21 a yi liyafar ƙasa. Akwai ta aiki, ta yini guda ko biyu, babu yawan biki. Sau da yawa ta aikin ta fi haifar da abin kirki. A ƙarshe sai a karanta sanarwar bayan taro, kuma a nan ya kamata ka kasa kunne. In ka ji "sun jaddada aniyarsu" ko "sun nuna gamsuwa", gaisuwa ce. Takardar fahimtar juna ma niyya ce aka rubuta, ba ta ɗaure kowa sosai. Yarjejeniyar da hukumomin ƙasashen biyu suka tabbatar, aka ware mata kuɗi cikin kasafi, aka ce wane ofishi zai yi aikin kuma yaushe, ita ce ke iya zama kwalta ko turken wuta.

Bari in nuna maka inda abin ya yi amfani, ba a wata ƙasa mai nisa ba.

Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata wajen Biyafara. Shugaban Kodebuwa, Houphouët-Boigny, babban abokin tafiyar shugaban Nijar Diori Hamani a siyasa, har amincewa ya yi da Biyafara a matsayin ƙasa. Diori ya ƙi bin su, ya tsaya kan cewa Najeriya ta zauna ɗaya, kuma a Yamai aka yi ɗaya daga cikin zaman neman sulhu a watan Yulin 1968. Shugaban Najeriya na lokacin, Janar Yakubu Gowon, bai manta ba. Yaƙi na ƙarewa, a 1971, shugabannin biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai, wadda har yau tana nan. A wannan yanayi na amana aka ƙulla maganar wuta, aka ja layi daga Birnin Kabi zuwa Yamai, wutar madatsar Kainji ta fara shigowa a 1976. Daga baya aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. An kifar da Diori a 1974, an kifar da Gowon a 1975, amma wuta ta zo, ta kuma ci gaba da zuwa shekara da shekaru, saboda maganar ta bar bakin mutum biyu ta shiga takarda da ofishi.

Akwai kuma wadda ta fi kusa da gonarka. Ruwan Maggiya daga duwatsun Adar yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Malbaza da Ƙonni, ya tsallaka iyaka ya zuba a tafkin Kalmalo, kusa da Illelar Sakkwato. Da aka gina madatsun Mozage da Zango, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, aka samu filin noman rani na Ƙonni mai hekta sama da 2,000. Alheri ne babba ga mutanenmu. Amma masunta da manoman Kalmalo sun daɗe suna kukan cewa ruwa ya ja baya a wajensu, ga madatsu ga fari. Irin wannan magana ce ke haɗa maƙwabta faɗa. A watan Yulin 1990, zamanin Janar Ali Saibou da Janar Ibrahim Babangida, aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansa, kuma Maggiya na cikin koramu huɗu da aka ambata, tare da Gulbin Maraɗi, da Tagwai, da Komadugu Yobe. Ba zan ce maka ta share wa kowa hawaye ba. Amma ta sa akwai takardar da za a buɗe in rigima ta taso, akwai kuma teburin da za a zauna.

To, yanzu ga inda kukanka yake da gaskiya.

Ba na jin an taɓa samun shugabannin ƙasashen nan biyu da suka shaƙu a idon duniya kamar Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a nan ƙasarku ta Alela, da Muhammadu Buhari, mutumin Daura. An rantsar da Buhari ranar 29 ga Mayun 2015, ranar 3 ga Yuni yana Yamai: ita ce ƙasar waje ta farko da ya taka. Tafiyar ta yi amfani a fannin tsaro, domin a lokacin Boko Haram ta riga ta kai hari Bosso da Diffa, kuma cikin 'yan kwanaki shugabannin yankin tafkin Cadi suka haɗu a Abuja kan rundunar haɗin gwiwa. A 2021 Issoufou ya ba Buhari lambar girma mafi daraja ta Nijar, aka sa wa wani babban titi a Abuja sunan Issoufou, a 2022 kuma aka buɗe titi mai sunan Buhari a Yamai. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284.

Amma a tsakiyar wannan zumunci ne, a watan Agustan 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, tana kukan fasa-ƙwaurin shinkafa, man fetur da makamai. Ba a buɗe ba sai 16 ga Disambar 2020, kuma Illela na cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe. Wata goma sha shida ke nan. Kai ka fi ni sanin yadda buhun albasa yake yi in ya kwana uku ƙarƙashin tampol a rana: ruwa ya fara ɗiga ta gindin mota, wari ya tashi, mai kaya na tsaye yana lissafin bashin da ya ci na iri da taki da man injin ban-ruwa. Mai ƙarfi ya sauke, ya ɗora wa 'yan kabu-kabu buhu bibbiyu su bi ta daji, a biya a kowane shinge. Maras ƙarfi ya zubar. Dattawa kuma ba su manta da rufewar 1984 zuwa 1986 ba, wadda Buhari ya fara yana mulkin soja, ta faɗo daidai da fari, har mutane a Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari.

Me ya sa zumuncin bai hana wannan ba? A ganina, saboda ba a taɓa ɗaure maganar iyaka yadda aka ɗaure maganar wuta ba. Akwai yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a, amma da buƙatar cikin gida ta taso sai aka tsallake ta. Babu wata ƙa'ida mai ƙarfi tsakanin ƙasashen biyu da ta ce kafin a rufe sai an ba da sanarwar kwana kaza, ko a bar kayan da ke lalacewa su wuce, ko a bar maras lafiya daga Sakkwato ya isa asibitin Galmi. Kowane shugaba, komai son da yake wa maƙwabcinsa, mutanen da suka ɗora shi yake fara dubawa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin takaicin shi ne an yi ziyara da yawa ba a yi amfani da lokacin daɗi an rubuta abin da zai kare mutanen iyaka a lokacin ɓacin rai ba.

Wasu ƙasashen sun gane haka. Faransa da Jamus, bayan yaƙe-yaƙen da suka gwabza, sun sa hannu a 1963 kan yarjejeniyar da ta wajabta wa shugabanninsu haɗuwa aƙalla sau biyu a shekara, ministocin waje kuma duk wata uku, ana shiri ko ba a shiri. Habasha da Eritiriya kuwa, firaminista Abiy Ahmed ya je Asmara a Yulin 2018, aka rungumi juna, aka buɗe iyaka a Satumba, dangin da suka shekara ashirin ba su ga juna ba suka yi ta kukan murna. Kafin shekara ta zagayo an sake rufewa, domin ba a tsara komai kan duwan, kuɗi da takardun wucewa ba.

Abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna wani gefen. CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, a farkon Agusta aka yanke wutar nan da ta shekara kusan hamsin tana zuwa, har ana maganar yaƙi. Wato ko abin da aka rubuta yana iya karyewa in siyasa ta yi zafi. Da ƙofar gwamnati ta toshe, su wa suka samu shiga Yamai? Sarki Muhammadu Sanusi na II ya gana da jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, ranar 9 ga Agusta. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, waɗanda ba su samu ganinsa a zuwan farko ba, sun gan shi ranar 19 ga wata. Ba don muƙamin gwamnati aka saurari yawancinsu ba. Zumuncin da ke tsakanin mutanen nan ya girmi iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi, nan kusa da Galmi. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan karon ƙafar sarakuna da malamai ce ta taka inda ta 'yan siyasa ta kasa.

An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, iyakar Ƙonni da Illela ta buɗe a Maris. Babban hafsan sojin Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024. A Disamba aka sake musayar zarge-zarge masu zafi, a ƙarshen Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. Duk da haka, a Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya sauka Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da hukumar nan ta 1971. Ni wannan ne ya fi ɗaukar hankalina. Tunda Nijar ta bar CEDEAO, abin da zai kare ɗan kasuwa irinka yanzu shi ne abin da ƙasashen biyu suka rubuta tsakaninsu kai tsaye, kuma wannan hukuma ce gidan da ake rubuta shi.

Saboda haka, Malam, in ka sake jin an yi ziyara, kada yawan motoci ko tsawon jawabi su ɗauke maka hankali. Saurara ka ji ko an ambaci wuri da sunansa, ko an sa rana, ko an faɗi wanda zai biya. Najeriya ta fara aikin babbar hanya daga Illela zuwa Badagry a 2024, mai tsawon sama da kilomita 1,000, bakinta na arewa kuwa a ƙofar Ƙonni yake. Ya dace a ji an tattauna yadda albasar Galmi, simintin Malbaza da dabbobin Adar za su hau ta ba tare da shinge goma ba, da kuma ƙa'idar da za a bi kafin a sake rufe iyaka.

Kada kuma ku jira sai jirgi ya sauka. Tunda takardun ziyara daga ƙasa ake tsara su, kukan da bai shiga hannun ma'aikata da wuri ba ba ya kaiwa teburin shugabanni. Kuna da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar albasa, kuna da sarakunan Ƙonni, Dogarawa da Alela, ga hukumomin jihar Tawa. Ku rubuta abin da ke damunku dalla-dalla: shinge nawa ne tsakanin Galmi da Sakkwato, nawa ake karɓa a kowanne, awa nawa mota ke yi a bakin duwan. Ku nemi takwarorinku na Illela su rubuta irinsa su miƙa ta nasu ɓangaren, yadda takarda ɗaya za ta iso Yamai da Abuja a lokaci guda.