Kafin Ka Zare wa Baba Layi

A hutun da ya wuce na je gida Kwanar Dangora, na tarar Baba ya sayar da masara a kasuwar Tudun Wada, ya aiki yayana Farm Centre a Kano ya sayo masa babbar waya. Shekara da shekaru 'yar ƙaramarsa mai tocila yake riƙewa. Ina zama ya miƙo min kwalin, ya ce, "To ɗan boko, ga aikinka."

Da rawar jiki na zare layin na sa a sabuwar, na ba ƙanena tsohuwar, shi kuma ya goge ta tas. Washegari Baba ya nemi lambar direban da ke ɗauko masa kaya daga Doguwa, babu ita. Ta dillalai babu, ta waɗanda yake bi bashi babu. Ashe duk a cikin wayar suke, ba a kan layi ba. Sati biyu muna bin mutane muna haɗa lambobi, kuma har yau akwai mai kuɗin buhu uku da ba mu samu ba. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Sauri ya haifi nawa." Wannan ta fi min duka zafi.

'Yan uwa ɗalibai, kusan kowannenmu shi ne injiniyan wayar gidansu. Ga abin da na koya.

Na farko, lambobi. Kafin ka taɓa layi, duba inda aka ajiye su. In a waya suke, kwafe su zuwa layi, sannan ka ɗora su a asusun Google na sabuwar. Layi ba ya ɗaukar lambobi da yawa, don haka muhimman ka rubuta a littafi. Kada a bayar da tsohuwar waya sai mai ita ya yi sati yana amfani da sabuwar.

Na biyu, asusun Google. Ka buɗe shi da sunan mai wayar da lambarsa, ba taka ba. Rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, ya adana inda yake ajiye takardun gona. Ranar da aka goge wayar, za ta iya neman wannan asusun kafin ta buɗe, kai kuma kana makaranta.

Na uku, layin kansa. Tun Disambar 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Tabbatar da sunan Baba aka yi rajistar, domin in layin ya ɓata, shi zai je da kansa a dawo masa da shi. Layin nan shi ne ƙofar asusunsa na banki, don haka ka sa masa lambar sirri. Amma ka kula: kuskure uku yana kulle shi, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin.

Na huɗu, WhatsApp. Lambobi shida da ake turowa lokacin buɗewa, ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga banki yake ko daga ƙungiyar manoma. Kunna tabbaci mai mataki biyu. Na ce wa Baba, "Lambar nan kamar makullin rumbu ce." Nan take ya gane.

Na biyar, ka gyara wayar daidai da shi. Ƙara girman rubutu, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye don kada data ta ƙare a banza. Nuna masa *310# na duba kuɗi, *312# na sayen data, *323# na duba ragowarta. Kuma in kana koya masa, wayar ta kasance a hannunsa. In ka karɓa ka latsa da kanka, kai ka iya, shi bai iya ba.

Yanzu kullum bayan asuba sai saƙon muryar Baba ya shigo min: farashin masara, gaisuwar Inna, sai ya rufe da, "Ka dai yi karatu." Mai buhu ukun nan kuwa, in kana karanta wannan, Baba yana gaishe ka.