Darasi na Goma Sha Huɗu: Wa Ya Fi Sauri? Auna Gudun Direbobin Tsere da Lissafi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibai su iya:

1. karanta bayani mai ɗauke da alƙaluma su kuma fahimce shi;
2. bambanta matsakaicin lokaci da lokacin tsakiya;
3. kwatanta abubuwa biyu da Hausa ta amfani da "fi" da "kai" da "daidai da".

Karatu don fahimta

Gasar tseren motoci da ake kira Formula 1 ita ce mafi shahara a duniya a irinta. An fara ta a matsayin gasar duniya a shekarar 1950, kuma an yi tseren farko a filin Silverstone da ke Ingila. Kowace ƙungiya tana shiga da motoci biyu da direbobi biyu. Hanyar tseren a rufe take, wato inda aka tashi nan ake komowa. Idan mota ta bi hanyar tun daga layin tashi har ta dawo gare shi, an ce ta yi zagaye ɗaya. Lokacin da ta ɗauka kuwa shi ake kira lokacin zagaye.

Masu kallo kan yi gardama a kan wane direba ne ya fi gudu. Wani ya ce wanda ya lashe tsere shi ne gwani, wani ya ce ai motarsa ce ta fi kyau. Gardamar ba ta tsaya ga masu kallo kaɗai ba. Shugabannin ƙungiyoyi suna kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaukar direba, kuma direban da aka ga ba ya sauri yana iya rasa aikinsa a ƙarshen shekara. Saboda haka ana bukatar ma'auni na adalci. Wannan ma'auni shi ne lissafin lokutan zagaye.

*Yadda ake auna lokaci*

Kowace mota tana ɗauke da wata ƙaramar na'ura mai aika saƙo duk sa'ad da ta ƙetare layin auna lokaci. Ana rubuta lokacin har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin irin wannan ƙididdiga? Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin kimanin mita 83 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya kai mita takwas, wato ya fi tsawon motar kanta.

Kafin ranar tsere akan yi gwajin neman gurbi. A nan kowane direba yakan yi iyakar ƙoƙarinsa ya yi zagaye mafi sauri, wanda ya fi kowa shi zai tashi daga gurbin farko. A shekarar 1997, a filin Jerez na ƙasar Sifen, an ga abin mamaki a wannan gwaji. Direbobi uku, Jacques Villeneuve da Michael Schumacher da Heinz-Harald Frentzen, sun yi lokaci iri ɗaya sak: minti 1 da daƙiƙa 21.072. Aka ba Villeneuve gurbin farko domin shi ya riga sauran yin wannan lokaci.

*Zagaye ɗaya ba ya isa shaida*

Zagaye mafi sauri yana nuna iyakar gudun direba a lokaci guda, amma tsere zagaye ne da yawa. A Monako ana yin zagaye 78, a Monza ta Italiya 53, a Spa ta Beljiyam 44. A shekarar 1988 Ayrton Senna ɗan Brazil da Alain Prost ɗan Faransa suna tuƙa wa ƙungiya ɗaya, wato McLaren. A gwajin neman gurbi na Monako, Senna ya fi Prost sauri da daƙiƙa 1.427, tazarar da ba kasafai ake ganin irinta tsakanin abokan aiki ba. Ran tsere ma ya yi wa kowa nisa. Amma ana saura zagaye kaɗan a gama, sai ya bugi shingen gefen hanya, motarsa ta lalace, Prost ya lashe tseren. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Don haka mai nazari ba ya dogara da zagaye ɗaya, sai ya tara lokuta da yawa ya duba su tare.

*Matsakaici da lokacin tsakiya*

Bari mu yi misali da direbobi biyu na ƙage, Direba A da Direba B. Mu ɗauka kowannensu ya yi zagaye biyar, ga kuma lokutansu a daƙiƙoƙi:

Direba A: 90.0, 90.2, 90.1, 90.3, 90.4

Direba B: 89.8, 89.5, 95.3, 90.0, 89.9

Hanya ta farko ita ce fitar da matsakaici. Sai a tara lokutan duka a raba da yawan zagayen. Jimlar lokutan Direba A ita ce 451.0, idan an raba biyar a sami 90.2. Jimlar na Direba B ita ce 454.5, idan an raba biyar a sami 90.9. Bisa wannan lissafi, Direba A ya fi Direba B sauri da daƙiƙa 0.7 a kowane zagaye.

Amma a sake duba lambobin da kyau. A zagaye huɗu cikin biyar, Direba B ne ya fi sauri. Zagaye ɗaya tak, mai 95.3, shi ya ja matsakaicinsa sama. Wannan ya kawo mu ga hanya ta biyu, wato lokacin tsakiya. Sai a jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ya faɗo a tsakiyar jerin. Na Direba A shi ne 90.2. Jerin Direba B kuwa shi ne 89.5, 89.8, 89.9, 90.0, 95.3, na tsakiya 89.9. Yanzu sai ga Direba B ya fi sauri da daƙiƙa 0.3.

To, wanne ne gaskiya? Duka biyun gaskiya ne, sai dai tambayar da kowanne ke amsawa daban ce. Matsakaici yana gaya mana wanda ya riga gama zagaye biyar ɗin, kuma Direba A ne, da tazarar daƙiƙa 3.5. Lokacin tsakiya yana gaya mana gudun da direba ya saba yi idan babu abin da ya tare shi. Ruwa ba ya tsami banza, don haka dole mai nazari ya binciki dalilin wancan zagaye na 95.3. Idan wata mota ce mai nawa ta tare wa Direba B hanya, ba laifinsa ba ne, ana iya cire zagayen daga lissafi. Idan kuwa shi ne ya yi kuskure a kwana, bai kamata a cire ba, domin guje wa kuskure yana cikin gwaninta.

Akwai ma'auni na uku, wato tazara tsakanin zagaye mafi sauri da mafi nawa. Ta Direba A daƙiƙa 0.4 ce, ta Direba B kuwa 5.8. Ƙaramar tazara alama ce ta direba mai natsuwa wanda gudunsa ba ya hawa da sauka.

*Abubuwan da ke ɓata kwatanci*

Ko an iya lissafi, akwai abubuwan da ke sa lokutan direbobi biyu su kasa kwatantuwa kai tsaye.

Na farko shi ne nauyin mai. Tun shekarar 2010 aka hana ƙara wa mota mai a tsakiyar tsere, saboda haka mota kan tashi da dukan man da za ta sha. A shekarar 2019 an sa iyakarsa kilo 110. Injiniyoyi kan ƙiyasta cewa kowane kilo goma na mai yana jawo asarar kimanin daƙiƙa 0.3 a zagaye. Ke nan ba adalci ba ne a kwatanta zagaye na biyar na wannan da zagaye na hamsin na wancan.

Na biyu shi ne taya. Kamfanin Pirelli ne ke samar da tayoyin gasar tun 2011. Taya mai laushi, mai jan zane a gefe, ta fi kama ƙasa amma tana saurin cinyewa. Mai tauri, mai farin zane, ba ta kai ta sauri ba amma ta fi daɗewa. Akwai kuma matsakaiciya mai zane ruwan ɗorawa. Sabuwar taya ma ta fi wadda ta sha aiki.

Na uku shi ne yanayin tseren kansa. Zagayen da direba ya tsaya canjin taya, da wanda aka yi bayan motar kiyaye haɗari, da wanda aka yi cikin ruwan sama, duk ba sa nuna ainihin gudu. Masu nazari kan ware su gefe.

Na huɗu shi ne tsawon hanya. Zagayen Monako kilomita 3.337 ne, na Spa kuwa 7.004. Rabin daƙiƙa a gajeriyar hanya ya fi rabin daƙiƙa a doguwa nauyi. Shi ya sa ake mayar da tazara zuwa kashi cikin ɗari. Rabin daƙiƙa a zagaye mai daƙiƙa 100 kashi 0.5 ne cikin ɗari, amma a zagaye mai daƙiƙa 70 ya kai kashi 0.7. Tazarar da Senna ya ba Prost a Monako ta kai kashi 1.7 cikin ɗari.

Na biyar, wanda ya fi duka girma, shi ne motar. Gwani a cikin mota maras ƙarfi ba zai kamo direba mai matsakaicin iyawa a cikin mota mai kyau ba. Saboda haka kwatancin da ya fi inganci shi ne tsakanin abokan aiki biyu masu tuƙa mota iri ɗaya. A shekarar 2016 Lewis Hamilton da Nico Rosberg suna ƙungiyar Mercedes. Hamilton ya sami gurbin farko sau 12, Rosberg sau 8. Hamilton ya lashe tsere 10, Rosberg 9. Duk da haka Rosberg ne ya ci kambin shekarar da maki 385, Hamilton yana da 380. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne injin Hamilton ya lalace a Maleshiya alhali yana kan gaba. Teburin maki ya nuna wanda ya ci gasa, lokutan zagaye kuwa suna taimakawa a gane wanda ya fi gudu. Ba dole ba ne amsoshin biyu su zama ɗaya.

Wannan darasi bai tsaya ga tseren mota ba. Haka malami ke auna ƙoƙarin ɗalibi da jarrabawa da yawa, haka kuma ɗan kasuwa ke auna cinikinsa da kwanaki da yawa. Duk wanda aka ba alƙaluma, ya kamata ya tambayi yadda aka same su, da abin da aka cire, da abin da aka bari, kafin ya yanke hukunci.

Sababbin kalmomi

- zagaye: bin hanya har a dawo inda aka tashi
- daƙiƙa: sakan, kashi ɗaya cikin sittin na minti
- gurbi: wurin da aka ware wa wani
- tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu
- jimla: abin da aka samu bayan tarawa
- nawa: rashin sauri
- ƙiyasta: faɗin adadi bisa kimantawa
- kambi: alamar nasara da ake ba zakara
- alƙaluma: lambobin ƙididdiga

Nahawu: kwatanci

Hausa tana kwatanta abu biyu da aikatau "fi". Sunan halin da ake kwatantawa yakan zo a ƙarshe:

- Senna ya fi Prost sauri.
- Taya mai tauri ta fi mai laushi daɗewa.

Idan abu ya gaza wani, sai a yi amfani da "kai" cikin korewa:

- Hanyar Monako ba ta kai ta Spa tsawo ba.

Idan sun yi daidai, sai a ce:

- Lokacin Schumacher daidai yake da na Villeneuve.

Idan abu ya wuce saura duka, sai a ce "ya fi kowa", "ya fi duka" ko "mafi":

- Shi ne ya yi zagaye mafi sauri.

Wajen karanta lamba mai ɗigo, 90.2 ana cewa "casa'in ɗigo biyu", 0.7 kuwa "sifiri ɗigo bakwai".

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara gasar duniya ta Formula 1, kuma a ina aka yi tseren farko?
2. Me ya sa aka ba Villeneuve gurbin farko a Jerez?
3. Bayyana bambancin matsakaici da lokacin tsakiya.
4. Yaushe ya dace a cire zagaye daga lissafi, yaushe ne bai dace ba?
5. Kawo abubuwa uku da ke ɓata kwatancin lokutan zagaye.
6. Mene ne ma'anar "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare"? Yaya ya dace da labarin Senna?

Aiki

1. Ga lokutan wani direba: 80.4, 80.1, 84.6, 80.3, 80.6. Fitar da matsakaici da lokacin tsakiya da tazara, sa'an nan ka rubuta amsoshin da kalmomin Hausa.
2. Gina jimloli biyar da "fi", uku da "bai kai ba" ko "ba ta kai ba".
3. Ku kasu rukuni-rukuni. Ɗalibai biyu daga kowane rukuni su zagaya filin wasan makaranta sau biyar, saura su auna lokacin kowane zagaye da agogo. Ku rubuta rahoto na layi goma da Hausa, ku faɗi wanda ya fi sauri da wanda ya fi natsuwa, tare da hujjojinku.