Ƙaurar Ƙumba Zuwa Tekun Ƙanƙara: Darasi ga Mazauna Gaɓar Gulbin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala ta dubi yadda ɗumamar teku ke tura halittu masu ɓawo zuwa ƙarshen arewacin duniya, sannan ta auna ko Hausa tana da kalmomin isar da wannan ilimi ga al'ummar Anka da Gummi da Bukkuyum.

2.0 Ƙumba a Svalbard

A shekarar 2004 masana suka tarar da shuɗiyar ƙumbar teku a raye a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, bayan ta ɓace daga yankin kimanin shekaru 1,000. Igiyar ruwa mai ɗumi ta Tekun Atilantika ce ta kwaso ƙananan 'ya'yanta daga kudu. A da sanyi kan kashe su, amma tun daga 1979 ƙarshen arewacin duniya yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin ɗumamar duniya, don haka suka sami wurin zama.

3.0 Kalmomin Gida

Bahaushe bai zauna bakin teku ba, amma bai rasa sunayen waɗannan halittu ba. Ƙumba ita ce mai ɓawo biyu da ake samu a gulbi, kuma da kalmar ake kiran farce. Dodon koɗi yana da ɓawo ɗaya murɗaɗɗe, wato katantanwa. Wuri kuwa ɗan teku ne da fatauci ya kawo daga tsibiran Maldives har ya zama kuɗi a ƙasar Hausa. Ke nan mai fassara ba ya buƙatar aro kafin ya bambanta su.

4.0 Abin da Ya Shafi Zamfara

Bambantawar tana da muhimmanci ga lafiya. Wani ƙaramin dodon koɗi na fadama da kududdufi shi ne masaukin tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini. Ƙumba ba ta ɗauke da ita. Ɗumin ruwa da yawansa ke ƙayyade inda yake hayayyafa, kuma a 2013 cutar ta ɓulla har a tsibirin Kosika na Faransa. Idan sanarwar lafiya ta haɗa su da suna ɗaya, masunci da mai noman rani ba za su gane abin gudu ba.

5.0 Kammalawa

Ruwa ba ya tsami banza: sauyin mazaunin waɗannan halittu alama ce ta sauyin ruwan kansa. Ya kamata manazarta su tattara sunayensu daga bakin masunta na Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, domin a gina ƙamus na muhalli a kan abin da jama'a suka riga suka sani.