Darasin Wannan Wata: Batirin Sola Ya Daina Riƙe Wuta, Ina Matsalar Take?

Darasinmu na wannan wata a kan batir ne.

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, gidaje da yawa ba su da wutar lantarki. Daga Gatawa zuwa Bafarawa, za ka ga farantin sola a kan rufin gida ko shago. Da shi ake kunna fitila, a ji rediyo, a yi cajin waya. A wannan lokaci na rashin tsaro, waya mai caji da dare ba abin wasa ba ce.

To, amma sai wata rana fitila ta mutu tun kafin isha'i. Maigida ya ce batir ya lalace, ya sayar da akuya ya sayo sabo. Bayan sati biyu, matsalar ta dawo. Ashe laifin ba na batir ba ne. Kafin ka kashe kuɗinka, bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

San Batirinka

Batir kamar randa yake. Farantin sola ne mai ɗebo ruwa. Fitila da waya su ne masu sha. In randa ta ƙafe, ko dai ba a zuba isasshe ba, ko an sha da yawa, ko randar na yoyo.

Batir iri biyu ne. Na mota kamar dokin sukuwa yake: ƙarfi mai yawa, na ɗan lokaci, don tayar da inji. Na sola kamar raƙumi yake: tafiya a hankali, dare guda cur. Ko a Ingila, masu motocin da ke da ɗakin kwana a ciki suna sa batir na biyu, irin na sola, don fitila da firji. In ka sa batirin mota aikin sola, ba zai daɗe ba.

Mataki na 1: Duba Kan Batir

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), wayarsa ja ce. Ɗaya yana da alamar ɗebewa (−), wayarsa baƙa ce. Taɓa wayoyin. Suna motsi? Ɗaure su tam. Ka ga farin gari ko kore a kai? Wannan datti yana hana wuta wucewa.

Ga yadda ake wanke shi. Fara cire wayar faranti daga kwantirola. Sai ka cire baƙar wayar batir, sannan ja. Jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, ka goge kan da tsohon buroshi. Kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. In ya bushe, mayar da ja, sannan baƙa, sannan wayar faranti. Shafa ɗan man basilin a kai.

Mataki na 2: Duba Waya da Fis

Bi waya daga batir har fitila. Ɓera da gara suna cin waya. In waya na zafi, ta yi sirara, ko mahaɗarta ta saki. In fis ya ƙone, sayi wani mai lamba iri ɗaya. Kada ka ɗaura zallar waya a madadinsa. Fis mai gadi ne. In babu shi, waya na iya kama wuta, ta ci ɗaki da rumbu.

Mataki na 3: Duba Faranti

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana rufe faranti. Goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. Duba ko inuwar bishiya ko katanga na faɗa masa. Inuwa ko a gefe ɗaya ce tana rage wuta sosai. A watan Agusta kuma, hadari yana tare rana. Sai a rage kunne-kunne.

Mataki na 4: Duba Ruwa

Wannan na batir mai murafe ne kawai. Wanda aka rufe ruf ba a buɗe shi. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna 6. Buɗe kowanne ka leƙa. Ruwa ya rufe ƙarafan ciki da kamar faɗin yatsa ɗaya. In ya yi ƙasa, ƙara tataccen ruwa, wanda masu cajin batir ke kira distil. Kada ka zuba ruwan rijiya, yana da gishiri. Kada ka ƙara asid. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ruwa yana saurin ƙafewa. Riƙa dubawa duk wata. Ajiye batir a inuwa, inda iska ke shiga.

Mataki na 5: Auna da Mita

Roƙi mai gyaran rediyo ko mai cajin batir ya ɗora maka mita. A cika batir, a cire komai daga jikinsa, ya huta awa 4 ko fiye, sannan a auna. Kai da ka iya karatu, karanta lambar da kanka:

12.6 zuwa 12.7: batir ya cika.
12.2: saura rabi.
12.0: ya kusa ƙarewa.
10.5 bayan cikakken caji: wataƙila ɗaki ɗaya ya mutu.

Da tsakar rana, faranti na haɗe, mita ta nuna 13 da wani abu zuwa 14 da wani abu. In ba ta motsa ba, wuta ba ta shiga. Laifin na faranti ne, ko waya, ko kwantirola. Waɗannan lambobi na batirin dalma ne. Sabon batirin litiyom lissafinsa daban.

Mataki na 6: Nemo Ɓarawon Wuta

Inbata tana shan wuta ko ba a kunna komai ba. Kashe ta in za ka kwanta. Kada ka riƙa shanye batir ƙarƙaf. Tsaya a rabi, zai fi daɗewa. Kada ka haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Gargaɗi

Batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Ban da taba, ashana ko aci-balbal kusa da shi. Kada ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu. In ruwan batir ya taɓa ido, wanke da ruwa mai yawa na minti 15, ka tafi asibiti.

Akwai dalma a cikin batir, kuma guba ce. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce. Kada a fasa mataccen batir a gida. Kada yara su yi wasa da shi. Mayar wa mai sayarwa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace waya ake fara cirewa daga batir?
2. Mita ta nuna 12.2. Me ake nufi?
3. Me ya sa ba a zuba ruwan rijiya a batir?

Rubuta amsoshinka, ka nuna wa malamin ajinku. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka wannan darasi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.