Yadda Ɗalibin Jami'a Ke Binciken Littafi: Misali Daga Adabin Sikandinabiya

Kowace shekara muna sallamar 'yan aji shida, waɗansunsu kuwa jami'a suka nufa. Abin da yakan fi ba su wuya a can shi ne rubutu. A sakandare, in yaro ya iya maimaita labarin littafi daga farko har ƙarshe, yakan sami makinsa. A jami'a malami ya riga ya san labarin. Abin da yake nema shi ne tambaya, da amsa, da hujja. Domin mu nuna yadda ake yin haka, bari mu ɗauki misali daga adabin Sikandinabiya, wato ƙasashen Norwe da Suwidin da Denmak. Jami'o'i da dama suna koyar da shi. Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta soma tun 1875. Da gangan muka zaɓi na nesa, gama a kan littafin da ido bai saba da shi ba ne hanyar aikin ta fi fitowa sarai.

Da wuya ɗalibin wannan fanni ya gama bai karanta Henrik Ibsen ba, mutumin Norwe, wanda aka haifa a 1828 ya rasu a 1906. Wasan kwaikwayonsa mai suna Et dukkehjem, wato Gidan 'Yar Tsana, ya fito a 1879, aka fara nuna shi a Kofanhagan a watan Disamba na wannan shekara. Labarin Nora ne, wadda ta ci bashi a ɓoye domin ta kai mijinta Torvald Italiya neman lafiya, ta kuwa ƙirƙiri sa hannun mahaifinta a takardar bashin. Da asiri ya tonu, mijin ya damu da sunansa fiye da ita. A ƙarshe ta fita ta bar shi da 'ya'ya uku, bayan aure na shekara takwas.

To, wanda ya rubuta wannan kaɗai bai fara aiki ba tukuna. Wanda kuma ya rubuta cewa Nora muguwar uwa ce, ko jaruma ce, ra'ayinsa ya faɗa kawai. Mai bincike yakan ƙuntata tambayarsa har ta zama wadda shafi goma za su iya ɗauka. Misali: shin Nora ta sāke hali ne farat ɗaya a kashi na uku, ko kuwa Ibsen ya shuka alamun tun kashi na farko?

Da wannan tambaya sai a koma cikin littafin da fensir a hannu. Za a ga tun farkon wasan Nora tana cin alewar da mijinta ya hana, tana ɓoyewa. Za a ga yana kiranta da sunayen tsuntsu da kurege, ita kuwa shekara da shekaru tana biyan bashi daga kuɗin tufafinta da ladan kwafar takardu da dare. Har kwanan wata ma hujja ne: mahaifinta ya rasu 29 ga Satumba, sa hannun kuwa yana ɗauke da 2 ga Oktoba. Wannan kwana uku shi ne makamin da Krogstad, mai bin bashin, ya riƙe ta da shi. Kowane abu irin wannan a rubuta shi da lambar shafinsa nan take. Mun sha ganin ɗalibi yana neman layi ɗaya har tsakar dare domin ya yi sakaci da wannan.

A kula kuma da fassara. A asalin littafin bashin kuroner 4,800 ne, amma wata tsohuwar fassarar Turanci ta mai da shi fam 250. In mai fassara ya taɓa kuɗi, yana iya taɓa kalma. Saboda haka wanda zai kafa hujja a kan kalma ɗaya sai ya gwada fassara biyu, ya kuma ambaci wadda ya yi aiki da ita.

Sa'an nan a fita waje da littafin, a shiga laburare. A 1878 Ibsen ya rubuta 'yan bayanai a Roma kafin ya soma wasan, inda ya nuna cewa da dokar maza ake yi wa mace shari'a. Akwai kuma Laura Kieler, marubuciyar da ya sani, wadda ta ci bashi irin wannan saboda ciwon mijinta, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali. A 1880 wata shahararriyar 'yar wasa a Jamus, Hedwig Niemann-Raabe, ta ƙi yin ƙarshen wasan, sai Ibsen ya rubuta wani ƙarshe inda Nora ta ga 'ya'yanta ta kasa tafiya. Bai so ba, amma doka ba ta kare masa littafin a can ba, ya gwammace ya yi da hannunsa da wani ya yi masa.

Ga inda ake gane ɗalibin kirki. A 1898 ƙungiyar 'yancin mata ta Norwe ta karrama Ibsen, ya tashi ya ce bai yi aiki musamman domin harkarsu ba, batun ɗan Adam ne ya dame shi. Wannan magana ba ta yi wa mai cewa wasan na 'yancin mata ne daɗi ba. Rago yakan tsallake ta. Mai gaskiya yakan kawo ta, ya ajiye ta kusa da bayanan 1878, ya auna su biyu, ya faɗi wadda ta fi nauyi a ganinsa da dalilinsa. Mu dai a namu gani, abin da marubuci ya faɗa a wurin liyafa bayan shekara 19 ba ya shafe abin da ke cikin littafin, amma wajibi ne a amsa shi.

Wajen rubutun kansa, a sa amsar tambayar a shafin farko, kada a ɓoye ta har ƙarshe kamar kacici-kacici. Duk tunanin da aka aro daga wani masani a kira sunansa da littafinsa, gama a jami'a ɗaukar maganar wani ba ambato laifi ne da kan kai ga kora. In an gama rubutun farko a ajiye shi kwana biyu, a karanta da ƙarfi, a soke duk sakin layin da labari kawai yake maimaitawa.