Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa a cikinmu suna da nufin ƙara ilmi bayan sun kama aikin koyarwa. A da, sai mutum ya bar aiki ya tafi jami'a. Yanzu kuwa akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya, watau NOUN. An kafa ta a 1983, aka dakatad da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a 2002. Tana da cibiya a nan Jos, amma yawancin karatun a gida a ke yi, ta intanet.

To, wane shiri ya kamata?

Da fari, na'ura. Hazon hunturu yakan toshe kafofin da kwamfuta ke shan iska, ta yi zafi ta mutu. A riƙa share ta, a rufe da ƙyalle. A cika batirinta duk sa'ad da aka kawo wuta, gama wuta ba ta da alkawari.

Na biyu, littattafai. Jami'ar ta sa su a intanet. A sauke su tun farkon zango, domin a iya karatu ko babu data.

Na uku, mutum kansa. Ayyukan gwaji da a ke amsawa ta kwamfuta suna da maki 30 cikin 100, kuma akwai ranar rufewa. Wanda ya makara ya yi hasara, ko da ya san amsa. Babu ƙararrawa, babu malami mai tsawatawa. Saboda haka kowa ya tsara lokacinsa, ya zama hedimastan kansa.