Ko Ya Kamata A Yi Wa Kare Inshora?

'Yan'uwana ɗalibai, na san waɗansunku da ganin kan wannan magana za su yi dariya, su ce wannan ya rasa abin rubutawa. Ban ga laifinsu ba, gama ni ma dariyar na yi ran da na fara jin ta. Amma ku yi haƙuri ku bi ni, akwai lissafi a ciki, kuma lissafin nan zai yi muku amfani in kun shiga aji. Wanda ba ya ajiye kare, sai ya sa rago ko sa ko jaki a wurin da na ce kare, maganar ba za ta sāke ba.

A gidanmu a nan Maiduguri muna da wani kare, sunansa Bar-su. Kakata ce ta raɗa masa, kuma kowa a layinmu ya san da wa ta ke. Karen gida ne ja, ba mai tsada ba, kyauta ma aka ba mu shi yana ɗan kwikwiyo. Amma shekara shida ke nan ba wanda ya taɓa haurowa katangarmu, alhali an shiga gidan da ke damanmu da na hagunmu. Da daminar bara sai ya daina cin abinci, ya kwanta ƙarƙashin darbejiya ba ya ko ɗaga kai. Da na buɗe bakinsa na ga dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa kuwa kamar ruwan shayi. Likitan dabbobi ya ce zazzaɓin kaska ne, watau ƙwayar cuta ce kaska ke sa wa kare cikin jini, ta riƙa farfasa jinin. Kafin Bar-su ya miƙe, tsakanin gwajin jini da allurai da kuɗin Keke Napep, abin ya ci kusan naira 30,000. Kuɗin nan kuwa su ne na tara don zirga-zirgar koyon koyarwa. Mako uku ina zuwa makarantar da aka tura ni a ƙasa.

Da na ba ɗan kawuna labari ta waya, wanda ke karatu a Ingila, sai ya ce, "Kai, da a nan ne ai inshora za ta biya." Na ce wace irin inshora, ta kare? Ya ce i mana, matar da ya ke haya a gidanta duk wata sai ta biya wa karenta. Na faɗa wa babanmu, ya ce, "Lalle Turawa sun ƙoshi."

Amma maganar ta tsaya mini a rai, har na shiga bincike. Ashe abin ba sabo ba ne. A ƙasar Suwidin aka fara yi wa dawaki da dabbobin gona inshora cikin 1890, aka yi wa kare na farko cikin 1924. A Ingila an fara cikin 1947. A Amurka sai 1982, kuma karen da aka fara yi wa shi ne Lassie, wanda a ke nunawa a talabijin. Mu ma nan Nijeriya muna da irinta, sai dai ta manoma da makiyaya ce. Cikin 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin inshorar aikin gona, dokar 1993 ta tabbatar da hukumarsa, wadda a ke kira NAIC. An kafa ta ne don amfanin gona da shanu da tumaki da awaki da kaji, aka kuma shirya gwamnati ta riƙa ɗauke wa ƙaramin manomi rabin kuɗin da zai biya.

To, mene ne inshora ɗin kanta? Tun ina makarantar mishan a ƙasar Biu malaminmu na lissafi ya kan ce, abin da ka kasa bayyana wa yaro ɗan aji shida, kai ma ba ka gane shi ba tukuna. Saboda haka da na sami aji shida a wurin koyon koyarwa, sai na kai musu maganar. Ga yadda muka yi ta a allo. Lambobin nan na misali ne, mu muka ƙaga su don su yi sauƙin rabawa.

Mu ƙaddara mutum 100 ne, kowa da karensa. Mu ƙaddara kuma cikin shekara karnuka 10 za su yi babban ciwo, kowane ciwo zai ci naira 50,000. Duka ke nan naira 500,000. Ba wanda ya san ko karen wa abin zai faɗa wa. In kowa ya zauna shi kaɗai, mutum 90 ba za su kashe ko kwabo ba, mutum 10 kuwa za su ji jiki. In kuwa suka haɗa kai tun farkon shekara, kowa ya zuba naira 5,000, asusun ya isa ya ɗauke wa goman nan nauyinsu duka. Nan da nan wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai adashi ne." Na ce ya yi kusa, amma da bambanci. A adashi kowa zai kwasa in layinsa ya zo. A nan kuwa wanda masifa ta samu ne kaɗai zai kwasa, sauran sun sayi kwanciyar rai ne kurum.

Yanzu sai mu kawo kamfani. Kamfani yana da ofis, da ma'aikata, da masu yawon talla, yana kuma neman riba. Don haka ba zai karɓi naira 5,000 ba, mu ce zai karɓi 7,000. Ya tara 700,000, ya biya 500,000, ya riƙe 200,000. Ku duba da kyau. Kai mai kare ɗaya, in ka yi shekara 10 kana biya, ka zuba naira 70,000. Bisa ga lissafinmu, cikin shekarun nan goma sau ɗaya a ke sa ran karenka zai yi babban ciwo, watau 50,000. Ka ga an ci ka 20,000. Ba ha'inci ba ne, haka abin ya ke tafiya, in ba haka ba kamfanin sai ya rufe. Galibin inshorar da ke duniya, in aka haɗa masu biya gaba ɗaya, abin da suka zuba ya fi abin da suka karɓa.

Yaran suka ce to ashe wauta ce. Na ce a'a, ku dakata. Wanda ya biya mai gadi shekara goma ɓarawo bai zo ba, shi ma kuɗinsa sun tafi, amma ba wanda zai kira shi wawa. Abin da mutum zai tambayi kansa shi ne, in asarar nan ta zo, zan iya ɗaukarta ko za ta kayar da ni? Asarar da za ka iya ɗauka, ko da ƙyar, gara ka ɗauke ta da kanka ka riƙe ribar kamfani a aljihunka. Wadda za ta raba ka da jarinka ko gidanka, ita ce ta cancanci inshora. Shi ya sa tun asali masu jiragen ruwa ne suka raya wannan sana'a, don jirgi ɗaya in ya nutse ya tafi da dukiyar mutum duka.

Matar can ta Ingila fa? Ita tana da hujja. A ƙasarsu aikin tiyata ɗaya a ƙafar kare ya kan ci fam dubbai, kuma tana ɗaukar karen tamkar ɗan gida, ba za ta iya cewa a bar shi ba. Ga shi kuma manyan karnukan Turawa, irin su Alsashan da 'yan sanda ke aiki da su, suna da ciwon gado na ƙugu, wanda magani ba ya ƙarewa. Mai irin wannan kare a nan garin, wanda ya saye shi da kuɗi masu yawa, ko kamfanin gadi mai karnuka goma, in aka kawo musu takardar inshora ya kamata su zauna su karanta.

Na ce su karanta, don a cikin ƙananan rubutun nan ne a ke yin kuka daga baya. Galibi ba a biyan ciwon da kare ke da shi tun kafin a yi masa rajista. Ba a biyan allurar riga-kafi da maganin tsutsa da na kaska, gama waɗannan hidimar yau da kullum ce. A kan sa 'yan kwanaki ko makonni na jira, in ciwo ya zo cikinsu ba ruwan kamfani. A kan kuma yanka wani kaso a ce kai za ka fara biya kowane lokaci. A misalinmu, in kason nan naira 10,000 ne, to 40,000 za ka karɓa, asararka ta tashi daga 20,000 ta koma 30,000. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne, kare na tsufa kuɗin na hawa, watau daidai lokacin da ka fi bukata a ke ƙara maka. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshora irin ta Turawa ba saboda addini, akwai tsarin takaful, inda asusun na masu zubawa ne, kamfani wakili ne kawai, in an sami rara a raba musu. Ko can ɗin ma dai sai an karanta takarda.

Akwai wani abu da lissafinmu na allo ya ɓoye, wanda mu mutanen Maiduguri ba sai an koya mana ba. Mun ƙaddara karnuka 10 ne cikin 100. In duka ɗarin suka halaka dare ɗaya fa? Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da ƙofar fadar Shehu, har dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi da yawa suka mutu. A irin wannan rana asusun 'yan unguwa ba ya aiki, gama duk masu zubawa su ne masu nema. Haka gobarar Kasuwar Litinin ta Fabrairu 2023, maƙwabcin da za ka ranta wurinsa shi ma shagonsa ya ƙone. Nan ne babban kamfani ya fi adashi, don yana da masu biya a Legas da Kano da Inugu waɗanda ruwan bai taɓa ba. Saboda haka mai kaji dubu biyu, ko mai kiwon shanun sayarwa da bashin banki, in ya tambaye ni, zan ce ya je ya nemi bayani tun yau. Jarinsa duka yana wuri ɗaya.

Mu komo kan Bar-su. Da na zauna na auna, sai na ga babbar asarar da kare zai iya jawo wa gida ba ciwonsa ba ce. Cizo ne. In kare mai ciwon hauka ya ciji ɗan maƙwabci, ba kuɗin da zai gyara wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan cuta kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba, watau irin waɗanda za mu koyar. Cutar ta kan ɓuya cikin jiki wata biyu ko uku, in alamunta suka fito kuwa kusan ba mai tashi. Amma tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya nuna ana iya tare ta da allura, kuma a nan ƙasar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, sa'an nan a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari, cutar sai ta rasa hanyar yaɗuwa. Muna da asibitin gwamnati na dabbobi, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri, ba mu da uzuri.

Ina roƙonku, ko kun manta da sauran, ku koya wa yaranku wannan. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a jira a ga ko karen zai haukace. Kada a tsaya ɗaura gashin karen a kan ciwo kamar yadda a ke yi a ƙauye.

Abin da muka shirya a gidanmu ke nan. Ba mu nemi inshora ba. Bar-su yana da katin allura, ranar maimaitawa na rubuce a bangon ɗakina. Duk Asabar ni ko ƙanena mu kan duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa mu cire kaska, gama da mun yi haka tun farko da kuɗin motata ba su tafi ba. Na kuma sa kafinta ya yi mini asusun katako, ina jefa naira 200 duk mako. A shekara 10,400 ke nan, cikin shekara biyar 52,000.

Kada in ruɗe ku, dabarar nan tana da rami biyu. Na ɗaya, in ciwo ya zo cikin wata na uku, abin da ke asusun bai kai naira 3,000 ba, alhali mai inshora an riga an rufe shi. Na biyu, kuɗin da ke kwance cikin akwati tsadar kaya na cinsu, kafin shekara biyar 52,000 ɗin ba za su sayi maganin da za su saya yau ba. Akwai ma na uku wanda ban gani ba sai da wani yaro a bayan aji ya tambaye ni. Ya ce, "Malam, in ƙanenka ya yi zazzaɓi da dare, ba kuɗi a gida sai na karen, za ka fasa akwatin ko za ka bari?" Aji duka ya yi tsit. Na ce masa zan fasa. Ya ce, "To ashe ba na karen ba ne."

Wanda zai gwada darasin nan a ajinsa, ya sāke lambobin ya ba yara su yi: mutum 200 da ragunansu, raguna 8 ke mutuwa a shekara, kowane rago naira 150,000, kamfani na riƙe ɗaya cikin huɗu na abin da ya tara. Nawa kowa zai biya? A ajina yara biyar ne suka samu, sauran duk sun tsaya a 6,000.